Macizan Ranar Laraba

Abbagana ne ya fara faɗa, kuma da wasa ya faɗa. Shi ke riƙe da ɗakin kati a wani ƙaramin asibiti da ke bakin garin Mubi, mutumin da bai iya miƙo maka fayil ba tare da ya haɗa da tsokana ba. Wata Laraba cikin watan Oktoba, ana tsakiyar cire gyaɗa, ya leƙa ɗakin masu saran maciji, ya tarar da gadaje shida duk a cike.

"Sista Salome," in ji shi, "macizan garinku ma suna cin kasuwa ne? Duk Laraba sai sun aiko mana da kaya."

Salome ta harare shi, ta ce ya koma wajen fayil ɗinsa kafin ta samo masa gado na bakwai. Shekararta goma sha ɗaya tana aikin jinya a wannan ɗaki, kuma an san ta da abu biyu: hannunta ba ya kuskure jijiya, bakinta kuma ba ya ragawa kowa. Duk wanda ya zo da ƙafa a ɗaure da tsumma ko an shafe ta da saiwoyi, sai ya sha faɗa kafin ya sha magani. Ita a ganinta taimako take yi.

Sai dai maganar ta Abbagana ta maƙale mata. Salome irin mutanen nan ce da in tambaya ta shiga kansu, tuwo ma ba ya yi musu daɗi sai sun ga ƙarshenta. Kuma tambayar ta taɓa ta a inda take jin zafi, don ita 'yar Kwaja ce, daga wata unguwa can a saman dutse, inda hanyar mota take ƙarewa a bakin mayo, wato rafin da ke gindin unguwar. A cikin mutum shidan da ke kwance ranar, huɗu mutanen unguwarsu ne, ta san iyayensu, ta san gonakinsu.

Washegari da aka tashi hutun rana ta shiga ɗakin kati ta ce a fito mata da rijistar shekara uku.

"Wasa fa na yi, Sista."

"Na sani. Ɗauko."

Mako guda suka yi suna wannan aiki, kullum in rana ta take, ita tana karantawa, shi yana ja layi a bayan tsohuwar kalanda. Abbagana ya fara da ƙorafi, amma kafin kwana uku shi ne ke zuwa kiranta. Mutum ɗari biyu da goma sha huɗu suka samu. Abubuwa da yawa sun fito yadda kowa ya zata: sara yana yawa lokacin shuka da lokacin girbi, yawanci maza ne matasa, yawanci a ƙafa, mata kuwa a hannu, wajen ɗaga tarin gyaɗa ko itacen girki. Macijin ma kusan guda ne, kububuwa, 'yar guntuwar nan mai kalar ƙasa wadda dafinta ke hana jini daskarewa. Mutanen ƙauyen Digil suna zuwa a ranar da abin ya faru, sau da yawa da gawar macijin a leda, suna nuna ta kamar sun ci kyauta. Na Bahuli ma haka, ko wace rana ta mako za ka gan su.

Da suka ware na unguwar su Salome, sai lissafi ya karkace. Mutum talatin da huɗu ne, ashirin da tara a ciki ranar Laraba suka zo. Kuma a cikin mutum goma sha ɗaya da suka mutu a shekara ukun gaba ɗaya, takwas daga can suke. Salome ta sake ƙirgawa da kanta, ta sake, ba abin da ya canza. Ta kwafe sunayen takwas ɗin a wata takarda, ta ninke ta sa a aljihun rigar aiki. Abin ya tsorata ta, amma gaskiya abin da ya fi ƙarfi a ranta a lokacin shi ne son ta san dalili.

Abbagana, ɗan gidan 'yan kasuwa, nan da nan ya kawo bayani. Ya ce ai a fili yake: Laraba kasuwar Mubi ke ci, saboda haka Talata kowa ke rige-rigen cika buhu, a ɗaga wannan tari a ɗaga wancan ba tare da an duba ba, maciji ya samu nasa. Ya nuna mata layin da ake rubuta ranar da aka yi saran. Kusan dukkansu sun ce jiya aka sare su, wato Talata.

Bayanin ya yi kyau har Salome ta kwana biyu tana jin daɗinsa. A rana ta uku ta dawo ta ce bai yi ba.

"A watan Yuni me ake kaiwa kasuwa, Malam Abba? Shuka ake yi, rumbu ya kusa ƙarewa. Amma duba, a Yunin ma Laraba suke zuwa. Kuma wanda aka sara jiya, aka yi masa allura yau, da wuya ya mutu. Na Digil ba sa mutuwa."

"To ko macizan dutse sun fi dafi?"

"Kububuwar dutse da ta fadama uwarsu ɗaya."

Laraba ta zagayo. Wajen ƙarfe tara a-kori-kurar da ke ɗauko kaya daga saman dutse ta tsaya a ƙofar asibiti, aka sauko da wani magidanci daga kan buhunan gyaɗa. Ƙafarsa ta kumbura har cinya, ta yi bororo, wasu wuraren sun fara baƙi, dasashinsa yana tsiyayar jini. Salome ta tambaye shi yaushe abin ya faru. Ya kau da kai ya ce jiya da yamma. Matarsa ma ta ce jiya da yamma, da sauri, tun ba a tambaye ta ba.

Faɗa ya taso wa Salome har maƙogwaro, don wannan ƙafar ba ta jiya ba ce, ko ɗalibar da ta fara aiki makon jiya za ta gane. Amma ta haɗiye. Ta sa masa ruwa, ta haɗa allurar kashe dafi, ta bar wata ma'aikaciya a kansa, ta fita waje. Direban motar, wani Bafulatani mai suna Bobboi, yana tsugune a inuwa yana shan rake.

"Bobboi, a ina ka ɗauko mutumin nan?"

"Inda nake ɗaukansu kullum, Sista. A bakin mayo. Daga gidanku ake sauko da su."

"Wane gidanmu?"

Bobboi ya daina tauna. Ya dube ta da kyau don ya ga ko gwada shi take yi.

"Gidan Baba Ezekiya mana. Wannan tun Asabar yana kwance a rumfansa. In dutse ya gagara, sai Baba ya ce a jira ni. Ni kuma Laraba nake hawa, ran kasuwa."

"To me ya sa suke ce min jiya?"

"Haba Sista. Ke ce mai faɗa, kuma ke ce 'yarsa. Wa zai haɗa uba da 'ya? Duk unguwa an sani, in an je asibiti a ce jiya."

Ya ci gaba da shan rakensa, kamar ya faɗa mata farashin albasa.

Salome ta san dutsen tun tana rarrafe. Baƙi ne, bai fi ɗan yatsa ba, mara nauyi, wani Baturen mishan ne ya ba kakanta, kakanta ya bar wa mahaifinta. In maciji ya sari mutum, sai a ɗan tsaga wurin da reza, a ɗora dutsen ya manne, wai yana zuƙe dafin. Ba a cire shi sai ya faɗi da kansa, sannan a dafa shi, a jiƙa a madara, a shanya don na gaba. Shekarar da ta gama makarantar jinya ta zaunar da mahaifinta ta yi masa bayani da Turanci da Hausa da yarensu cewa dutsen ba ya zuƙe komai. Ya saurare ta har ƙarshe, ya ce, "Na ji." Ita kuwa ta ɗauki "na ji" a matsayin "na daina", ta dawo Mubi hankali kwance. Duk zuwan da take yi gida, Kirsimeti da Ista da bukukuwa, ba ta taɓa ganin majiyyaci a rumfar ba, kuma bai taɓa zuwa mata a rai ta tambayi dalili ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne da hannunta ta rubuta "jiya" ɗin nan a kati, sau ashirin da wani abu, bayan ta gama yi wa mutane tsawa.

Ranar Lahadi ce hutunta. Ba ta aika ta ce tana zuwa ba. Ta zuba sirinji da auduga da 'yan kwalaben gilashi sababbi a jaka, ta karɓi lambar Bobboi, ta hau mota zuwa Kwaja, daga nan babur zuwa bakin mayo, sauran kuma da ƙafa. Duk hanya tana shirya maganganun da za ta faɗa, masu zafi, ta jera su ɗaya bayan ɗaya.

An taso daga sujada a coci ke nan ta isa. Baba Ezekiya yana zaune a kan kujerarsa ta katako a bakin rumfa, da farar rigarsa ta Lahadi, dattijon coci mai shekara saba'in da 'yan kai, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. A cikin rumfar, a kan tabarma, Rachael ce matar maƙwabcinsu Jatau, tana zaune ta jingina da ginshiƙi. An naɗe hannunta na dama da farin ƙyalle, da na hagun kuma tana ɓare gyaɗa tana ci. Da ta ga Salome sai ta yi ƙoƙarin ɓoye hannun a ƙarƙashin zane.

"Bar shi, Rachael," in ji Baba. "Ta riga ta gani. Sannu da zuwa, Salome. Ki sha ruwa tukuna."

Ta sha ruwan. Ta tambaya yaushe aka sare ta, aka ce ranar Juma'a da safe ne, a gona, tana ɗaga tarin gyaɗa. Jatau ya kashe macijin, kububuwa ce. Hannun ya kumbura zuwa gwiwa, amma Rachael ta ce zafin ya ragu sosai, jiya ma ta ci tuwo, ta yi barci. Idonta garau, tana dariya. Duk wanda ya gan ta zai ce nan da kwana biyu za ta koma gona.

Salome ta buɗe baki za ta fara jawabin da ta shirya, Baba ya ɗaga hannu, ya shiga ɗaki, ya fito da tsohon littafinsa na waƙoƙin coci. Ya buɗe bayansa. Ya liƙa ƙarin takardu a ciki, cike da sunaye da rubutunsa mai kwanciya, kowane suna da ranar da ya zo. A gaban mafi yawansu ya sa ɗan gicciye. A gaban wasu ya rubuta "Mubi".

"Ke kina da littafi, ni ma ina da littafi," in ji shi. "Shekara uku da suka wuce zuwa yau, mutum tamanin da shida. Masu gicciye, a nan suka warke, da ƙafarsu suka tafi gida. Ba wanda ya taɓa mutuwa a rumfan nan, ko ɗaya. Waɗanda na ga jini a bakinsu, na ce a kai Mubi. A cikinsu, takwas a mota aka dawo da su a naɗe. To ki gaya min, 'yata, wa ya kamata ya tambayi wani?"

Bai faɗa da gatse ba. Tambaya yake yi da gaske, kuma da alama ya daɗe yana yi wa kansa ita.

Salome ta karɓi littafin. Ta zo da shirin faɗa da tsoho mai taurin kai, sai ga shi ta tarar da rijistar da ta fi ta asibiti tsabta, don shi ranakunsa na gaskiya ne. Ta bi sunayen da yatsa, faɗan ya bi iska, son sani ya dawo. Ta ga inda abin yake. Ba kowane maciji ke da dafi ba, mai dafin ma ba kullum yake zubawa ba. Irin waɗannan ko a kan tabarmar kowa suka kwanta za su tashi, su ne masu gicciye. Waɗanda dafi ya shiga da gaske kuwa suna zaune a nan suna ɓare gyaɗa, kwana uku, kwana huɗu, jininsu yana lalacewa a ɓoye, sai ya ɓullo a dasashi a tura su jiran motar Laraba. Shi bai taɓa ganin mutuwarsu ba, ita kuma ba ta taɓa ganin kwanakin da suka yi a nan ba.

Ta san in ta faɗi wannan da baki, "na ji" za ta sake samu.

"Baba, bari in nuna maka wani abu da muke yi. Ba magani ba ne, dubawa ce kawai."

Ta ɗaure damtsen Rachael na hagu, ta ɗebi jini kaɗan, ta zuba a kwalbar gilashi, ta tsayar da ita a cikin wani kofi a inuwa. Ta ce jinin mai lafiya, in an bar shi minti ashirin ba a taɓa ba, daskarewa yake yi. In dafin kububuwa yana aiki a jiki, ba zai daskare ba.

Baba ya matso da kujerarsa. Daga wurinsa Salome ta gaji wannan hali, ba ya iya ganin sabon abu ya wuce.

"Ta yaya zan san ba haka jinin kowa yake yi a cikin kwalba ba?"

"Ai na gaya maka."

"Kin gaya min. Ɗebi nawa."

Ya naɗe hannun farar rigar ya miƙo mata. Ta ɗiba, ta tsayar da kwalbarsa kusa da ta Rachael, ta ɗaura wa tasa zare don kada a rikita. Ta ajiye wayarta a kan tabarma kowa yana ganin agogo. Jatau ya shigo daga coci da wasu maza biyu, aka yi musu bayani, suka tsuguna. Minti ashirin yana da tsawo in mutum shida sun zuba wa kofi ɗaya ido. Rachael ta yi ta zolaya, ta ce in jinin Baba ya ƙi daskarewa to shi za a kai Mubi, ita ta riƙe masa gida. Salome ta yi murmushi, amma idonta yana kan audugar da ta danna a damtsen Rachael, wadda har yanzu ja take ƙarawa.

Da lokaci ya cika ta ce wa Baba ya ɗauka da kansa. Ya ɗauki tasa ya karkata. Jinin ya tsaya cak a gindin kwalba kamar kunun da ya kwana. Ya juya ta ƙasa gaba ɗaya, bai motsa ba. Ya ɗauki ta Rachael ya karkata kaɗan, jinin ya gangaro gefen gilashi kamar zoɓo. Ya tsayar, ya sake karkatawa. Haka dai.

"Wataƙila na mata ya fi jinkiri," in ji shi.

"A'a, Baba."

"A ƙara masa ashirin."

Ranta ya so ya ɓaci, don kowane minti tana jinsa a jikinta. Amma ta miƙa wa Jatau wayar bayan ta nuna masa lambar Bobboi, ta ce ya hau kan falalen dutse inda ake samun layi, ya ce masa ya taho bakin mayo yanzu, in ji Sista. Sannan ta duba agogon hannun ɗaya daga cikin mazan, suka sake zama. Wannan karon ba wanda ya yi zolaya. Da ashirin ɗin ta cika Baba ya sake karkata kwalbar, jinin ya sake gangarowa.

Ya tashi ya je gaban Rachael ya ce ta buɗe baki. Ya duba dasashinta sama da ƙasa, yadda ya saba yi wa kowa safe da yamma.

"Babu jini," in ji shi. "Bakinta tsaf."

"Zai zo, gobe ko jibi. Wani lokaci kuma ba ta baki yake fara zuwa ba. A cikin ciki yake zuba, ko a cikin kai, inda ba ka gani."

"Ashe tun Juma'a haka yake?"

"Tun Juma'a da rana."

Ya dubi farin ƙyallen da ke hannunta. Sannan ya ce, kamar da kansa yake magana, dutsen bai faɗi ba tukuna, kuma mahaifinsa ya ce ba a cire shi. Salome ta bar shi ya yanke shawara da kansa, kuma wannan ya fi mata wuya fiye da duk aikin ranar. Baba ya durƙusa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya warware farin ƙyallen a hankali, ya sa farce ya ɓamɓare dutsen. Tsagar da ke ƙarƙashi ta fara tsiyaya nan take. Salome ta danna auduga ta naɗe da bandeji.

A kan kujerar Baba aka ɗauki Rachael, maza huɗu, aka gangara da ita bakin mayo, tana ta cewa ita fa za ta iya tafiya da ƙafarta. Bobboi ya iso yana mita cewa motarsa ba ta san hanyar nan ba sai Laraba. Da aka gama shigar da ita, Salome ta juya za ta yi wa mahaifinta sallama, sai ta ga ya riga ya hau baya ya zauna a kan taya, littafin waƙoƙinsa a hammata. Bai taɓa bin majiyyaci zuwa Mubi ba sai ranar.

Kafin la'asar allurar dafi tana shiga jijiyar Rachael. A hanya ta fara ƙorafin ciwon kai, kuma da aka kwantar da ita Salome ta ga ɗan ja a gefen haƙoranta na ƙasa, amma ba ta gaya wa kowa ba sai likita. Baba ya ƙi zuwa gidan Salome, ya kwana a barandar asibiti tare da Jatau da sauran masu jinya.

Da safe ta kira shi ciki. Ta sake ɗibar jinin Rachael a gabansa, ta ba shi kwalbar ya tsayar da kansa, ya zauna yana gadinta yana duban agogon bango. Da minti ashirin ta cika ya karkata. Jinin ya tsaya. Ya juya kwalbar ƙasa, ya ɗan girgiza, yana nan daram. Rachael tana zaune a gado tana shan kunu, tana tambayar Jatau wa ya kwashe gyaɗar da ta bari a gona. Salome ta yi godiya ga Allah a zuci.

Baba ya daɗe yana juya kwalbar a hannunsa. Sannan ya fita baranda, ya zauna a kan benci, ya kira ta.

"Kin ce kina da littafi."

"Yana ɗakin kati, Baba."

"Takwas ɗin nake so. Kin san su."

Takardar tana aljihunta tun ranar da ta rubuta ta. Ta so ta ce ta manta da ita a gida. Ta zauna kusa da shi, ta warware ta, ta karanta suna na farko. Ya buɗe bayan littafin waƙoƙi, ya bi da yatsa har ya samu.

"Elkana ɗan Dawuda. Alhamis ya zo wurina. Kwana shida. Ni na yi masa baftisma tare da fasto. Na gaba."

Ta karanta na biyu, ya samo shi, kwana huɗu. Na uku mace ce, kwana biyar, ya ce ta bar 'yan biyu. Haka suka bi su har takwas, ita tana faɗin suna, shi yana faɗin ranar da mutum ya shigo rumfarsa. Ba ko ɗaya a cikinsu da ya yi ƙasa da kwana uku.

Ya rufe littafin ya ɗora a cinya.

"Salome, zan tambaye ki, kuma kada ki ba ni amsar asibiti. Da a ranar farko na turo su, da suna nan?"

Salome ta iya amsar asibiti. Kullum tana ba da ita ga iyaye da mata da maza a wannan barandar: kwana ne ya ƙare, an yi iya ƙoƙari, sai haƙuri. Tana bakinta, kuma ta san in ta faɗa zai karɓa, ya ce ya ji, ya koma gida da sauran kwanciyar hankalinsa. Ta dubi tsohon nan da bai taɓa karɓar ko ƙwayar gyaɗa a hannun majiyyaci ba, wanda ya ciyar da mutum tamanin da shida daga rumbunsa yana yi musu addu'a safe da yamma. Tausayinsa ya kama ta har idonta ya cika. Amma ana tsakiyar girbi, kuma ba za a rufe mako ba sai an kawo masa wani.

"Yawancinsu, Baba," ta ce. "Wataƙila shida. Wataƙila bakwai."

Ya gyaɗa kai a hankali. Bai ce ya ji ba. Ya zauna yana kallon ƙofar asibiti inda ake ta shige da fice, har Salome ta fara tunanin ko ta koma ɗaki ta bar shi. Sai ya sa hannu ya dafa benci, ya miƙe da ƙyar.

"Uwar Elkana tana nan da rai," in ji shi. "Shekara biyu tana gaya wa mutane asibiti ne ya kashe mata ɗa, ni kuma ina ji ina shiru. Ki nemo min mota. Gara ta ji daga bakina."